MAƘALAR MAKO: "Da Tsufana Za a Ce An Rage Mini Mama?"

Maganar yau tana da nauyin faɗa, don haka muna neman afuwar iyayenmu mata da ke cikinmu tun kafin mu fara. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shirun da aka daɗe ana yi a kan wannan lamari bai warkar da kowa ba.

A zaman ƙungiyarmu ta marubuta na watan jiya a Kazaure, bayan an kammala karatun gajerun labarai, wata 'yar uwa ta kawo mana zancen gwaggonta da ke zaune a nan Achilafiya. Shekarunta 58, haihuwarta tara, autanta ya gama sakandare. Tun tana budurwa Allah Ya yi ta mai cikar ƙirji, kowace haihuwa kuma sai abin ya ƙaru. Yau wuyanta da kafaɗunta da gadon bayanta ba sa rabuwa da ciwo. Igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗa. Da dare yatsunta sukan yi sanyi su mace. Idan bazara ta shigo, zufa takan sa ƙarƙashin maman ya saɓule ya yi ja, sai ta barbaɗa hoda ta sa tsumma. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ruku'u ya fara gagararta, yawancin sallolinta a zaune take yi.

Shekara goma tana fama. An ce sanyi ne, an ce amosani ne, wanzami ya yi mata ƙaho, kemis kuwa ya zama gidanta na biyu. Ƙwayoyin kashe raɗaɗin da take sha babu ƙa'ida su suka jawo mata gyambon ciki, shi ya sa aka kai ta asibiti a Kano. A can ne wata likita ta dube ta da kyau, ta ce tushen ciwon bayan nauyin ƙirjinta ne, kuma akwai tiyatar da ake yi a rage shi.

Da 'yar uwarmu ta tayar da zancen bayan sun dawo gida, ga amsar da ta samu: "Ke 'yar nan, rufa mini asiri. Da tsufana da jikokina a ji an ce na je an rage mini mama? Da wane baki zan faɗa wa Malam? Da wane ido zan kalli surukaina?" Babban ɗanta ya ce canza halittar Allah ne. Wata maƙwabciya da zancen ya kai kunnenta ta ce, to wa take son burgewa yanzu? Tun daga ranar aka rufe maganar, Gwaggo ta koma kan tabarmarta da ƙwayoyinta.

Ra'ayinmu a nan shi ne: mace, komai shekarunta, idan nauyin mamanta ya zame mata cuta, tana da haƙƙin a duba ta, a faɗa mata gaskiyar abin da ke damunta da hanyoyin magani har da tiyata, sannan a bar ta ta zaɓa. Ba muna kiran kowa ya tafi a yanka shi ba ne. Muna ƙin jinin a toshe mata ƙofar tun ba ta leƙa ba.

Wanda yake ganin abin wasa ne, ya auni kilo biyu na gero ya ƙulle a leda, ya rataya a wuyansa daga asuba zuwa isha. Ya yi shara da shi, ya yi daka, ya ɗebo ruwa, ya goyi jika, ya yi salla. Gobe ma haka, har shekara talatin. Nauyin yana jan kafaɗa gaba, baya yana ranƙwafawa, jijiyoyin wuya suna aiki ba hutu. Likitoci sun san wannan lalura, suna da sunanta a littattafansu. A Ingila ma hukumar lafiyarsu ta NHS, wadda ba ta ɗaukar nauyin tiyatar kwalliya, takan yi wannan aiki kyauta ga matar da aka tabbatar abin yana cutar da ita kuma sauran dabaru sun gaza.

Bari mu ɗauki hujjojin da aka kawo wa Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, domin masu kawo su ba maƙiyanta ba ne.

Ta farko ita ce ta addini, kuma ita ce mafi nauyi. Mu ba malamai ba ne, amma abin da malamai suka faɗa a bayyane yake. Sun raba tsakanin gyaran jiki don son rai da kwaikwayon wasu, da kuma kawar da cuta. Akwai ƙissar Sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa sai ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito ta. A zamaninmu kuma, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a watan Yulin 2007, ta fitar da matsaya mai lamba 173 a kan tiyatar gyaran jiki. Ta hana wadda ake yi don canza lafiyayyar halitta saboda son zuciya. Ta halatta wadda ake yi don gyara lahani ko kawar da cutarwa, kuma ta ambaci mama da sunansa: a sake gina shi idan an cire, ko a gyara shi idan girmansa ko ƙanƙantarsa ya kai ga haifar da cuta. Sharuɗɗan su ne ƙwararren likita ya yi, amfanin ya rinjayi haɗarin, babu wata hanya mafi sauƙi, kuma mai jikin ta amince bayan an yi mata cikakken bayani. Matar da ke son ta sake yin ruku'u a tsaye, a wane ɓangare za mu sa ta? Duk wanda ke da shakka ya kai wa malaminsa tambayar, amma ya kai ta cikakkiya, da ciwon bayan da gyambon fatar da sallar zaunen, kada ya ce kawai "wata tsohuwa ce ke son gyara ƙirji."

Ta biyu ita ce ta shekaru: ta tsufa, wa zai gani? Wannan tambaya tana tona mana asiri, domin tana nuna a tunaninmu jikin mace na mai kallo ne da mai tsotso, idan ta gama da waɗannan biyun sai ta haƙura da duk abin da ya rage. Alhali ta fuskar likitanci, babbar damuwar wannan tiyata ga matashiya ita ce tana iya taɓa shayarwa, shi ya sa ake ba wasu shawarar su jira sai sun gama haihuwa. Gwaggo ta wuce wannan gaɓar. Kuma idan Allah Ya ara mata shekara 20 nan gaba, shin a dunƙule za ta yi su ko a miƙe? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta uku ita ce tsoro, kuma a nan masu tsoron suna da gaskiya babba. Manyanmu ba su manta da Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoban 2005 a ƙasar Sifaniya tana da shekara 59, bayan tiyatar rage kitse. Daga baya kotu a can ta kama likitan da laifin sakaci. Tata tiyatar daban ce, amma darasin ɗaya ne: wuƙa ba abar wasa ba ce, kuɗi da ƙasar waje ba sa maye gurbin kulawa.

Ya kamata duk mai tunanin wannan aiki ta san me ya ƙunsa. Ana yin sa ne da allurar barci, yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Ana cire kitse da tsoka da fatar da suka yi yawa, a ɗaga kan maman a mayar da shi inda ya dace. Akwai wadda ake cire wa rabin kilo a kowane gefe, akwai wadda ake cire wa fiye da kilo ɗaya. Tabo zai zauna har abada, kuma mu masu baƙar fata mun fi saurin samun tabon nan mai tasowa ya yi tudu, irin wanda muke gani a kunnen wasu bayan huji. Jin kan maman na iya raguwa ko ya ɗauke. Ana iya samun zubar jini, ko ciwon ya kama ruwa, ko ɗinki ya yi jinkirin kamewa, musamman ga mai ciwon suga ko ƙiba mai yawa. Mai hawan jini sai an daidaita shi tukuna. Bayan aikin kuma sai ta yi wajen mako shida ba daka, ba ɗaukar tulu, ba goyo. Shekaru suna ƙara wa waɗannan haɗura nauyi, shi ya sa likita zai duba zuciya da jini da suga kafin ya ce e ko a'a. Wata zai ce mata a'a, kuma wannan ma amsa ce mai daraja, domin daga mai sani ta fito.

Kafin a kai ga wuƙa akwai matakai. Rigar mama mai faɗin igiya wadda ta yi daidai da jiki, rage ƙiba, zuwa sashen gashi na asibiti don ƙarfafa baya, da maganin shafawa na gaskiya ga fatar da ta saɓule. Wata da waɗannan kaɗai za ta samu sauƙi. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne mayuka da garin magani da ake tallatawa a Facebook da TikTok wai suna rage mama cikin mako biyu. Babu man da ke narkar da tsoka. Haka nan duk ɗakin da ba a san likitansa ba, ba a san rajistarsa ba, a guje shi ko da kyauta ne. Muna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake da likitocin gyaran jiki da ƙuna. Daga Achilafiya zuwa Kano ta Kazaure da Dambatta sammako ɗaya ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa muke ganin shirun nan yana da haɗari fiye da ciwon baya. Sankarar mama ita ce kan gaba cikin cututtukan daji da ke kama mata a Najeriya, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai abin ya yi nisa. Kunyar da ta hana Gwaggo faɗin nauyin ƙirjinta, ita ce ke hana wata faɗin ƙullutun da ta ji. Idan mama ɗaya ya fara girma shi kaɗai a tsufa, ko fatarsa ta yi kamar ɓawon lemo, ko kansa ya shige ciki, ko yana fitar da jini, wannan ba zancen nauyi ba ne, a tafi asibiti a makon. Ita kanta mai neman a rage mata, idan ta haura 40 akan fara yi mata hoton mama, abin da aka cire kuma a kai shi ɗakin gwaji. Ashe zuwa a duba riba ce, ko an yi tiyata ko ba a yi ba.

Saura maganar kuɗi. Ba za mu yaudari kowa ba, aikin yana da tsada, kuma a garin da wani ke neman kuɗin maganin zazzaɓi, wannan zance na iya kama da na masu ƙoshi. Amma mu tambayi kanmu. Gwaggon nan ta sayar da awakinta sau huɗu don kayan ɗakin 'ya'yanta mata. Dangi sukan haɗa kuɗin lefe da gara da ankon biki cikin wata guda ba tare da an ji kansu ba. Idan aka zo kan bayan uwar da ta goye su, sai lissafi ya tashi. Kuɗin mota da na kati da na hoto, waɗanda su ne matakin farko, ba su fi ƙarfin 'ya'ya tara ba.

Mu marubuta ma muna da namu kason laifin. Sau nawa muka sa tsohuwa mai manyan mama a labari don a yi dariya kawai? Sau nawa aka yi wa wata ba'a da wannan a gidan biki muka taya? Mace ba za ta kai kuka inda ta san dariya ke jiranta ba. Muna roƙon malaman Islamiyyun matan aure su buɗe wannan babi a darasi. Muna roƙon ma'aikatan jinya mata, na asibitocin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'yan uwanmu da ke karatun jinya a Babura, idan dattijuwa ta zo da ciwon baya su ja labule su tambaye ta a hankali, domin ita ba za ta fara ba. Mazaje da 'ya'ya maza kuma, naku shi ne izini da rakiya da kame baki.

Labarin ƙarshe da muka samu shi ne Gwaggo ta yarda a mayar da ita Kano bayan kaka, "a duba kawai," in ji ta. Malam ya ce shi zai raka ta da kansa. Ko za a yi aikin ko ba za a yi ba, wannan tsakaninta ne da likitanta da Ubangijinta.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu zame musu sanyin ido. Muna jiran ra'ayoyinku, musamman malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, amma don Allah cikin ladabi, kuma ban da kama sunan kowa.

Daga Achilafiya, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.