Ta Ce Ta Ajiye, Ashe Ba Ta Ajiye Ba

Jama'a, makon jiya na leƙa wani shagon buga takardu a Lugbe, kan hanyar filin jirgin saman Abuja, na tarar da wani ɗalibi ya zuba tagumi. Babi biyu na kundin digirinsa sun salwanta, alhali kuwa kwamfuta ta shaida masa cewa ta ajiye.

Ga yadda al'amarin yake. Kwamfutocin shagon duka suna aika aikinsu zuwa wata babbar kwamfuta, watau rumbunsu, ta tsarin NFS wanda kamfanin Sun na Amurka ya ƙago a 1984. To, shi wannan tsari hali biyu gare shi. In an saita shi a kan "sync", rumbun ba ya cewa ya karɓa sai ya rubuta a faifai. In kuwa an sa "async" don neman sauri, sai ya amsa tun aikin yana cikin ƙwaƙwalwarsa, wadda ba ta riƙe kome in babu lantarki. Ɗalibin nan yana ajiyewa ke nan aka ɗauke wuta, aikin ya bi ruwa.

Mai gyara ya zargi faifai, ya zargi waya, kafin ya duba saitin rumbun ya ga kalma guda ce ta jawo wannan hasara.

Saboda haka, masu shaguna, ku koma kan "sync", ku haɗa wa rumbu batirin ko-ta-kwana. Ku kuma ɗalibai, kowa ya riƙe kwafi na biyu a hannunsa. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.