Daga Bakin Hanya: Ɗakin da ke Tafiya

 A wannan makon labarin motata zan ba ku, don da yawa cikinku kun tare ni a kasuwa kuna tambaya.

Ni dai atamfa da takalma nake ɗauka daga Kumasi, in tsaya kasuwar Techiman, in wuce Tamale, wani lokaci har Bolgatanga. Kumasi zuwa Tamale kaɗai kusan kilomita 380 ne. Kuɗin masauki ya ishe ni, ga fargabar barin kaya a tasha. Sai na ce to, me zai hana tsohuwar Sprinter ɗina ta zama ɗaki?

Na kai ta wurin makanikai a Suame. Mai walda ya raba ta biyu: baya na kaya, tsakiya na kwana. Kafinta ya lulluɓe jikin ƙarfen da soso, ya bi da falankin katako, don ƙarfe tsirara da rana tanda ne, da dare kuma ƙanƙara. Aka yi gado mai akwati a ƙasa, aka ɗora farantin sola a rufi, da batir na daban don fanka da fitila da cajin waya, kada a shanye na tada mota. Jarkokin ruwa biyu masu lita 25 muka ɗaure a ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ku tuna, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma duk katakon da ka ƙara, daga nauyin hajarka ka rage.

Kafintan ya ce, "Alhaji, a huda rufi a sa mafitar iska." Na ce masa ɓarayi da ruwan sama fa? Gaskiyar magana, kuɗin nake ji.

Ranar da na gane kurena, muna Bolgatanga cikin hunturu. Sanyi ya matsa, na shigo da kurfoti da sauran garwashin shayi, na rufe ƙofofi ruf. Allah ya sa ɗan ƙanwata da ke bina ya tafi hira wurin masu shayi. Da ya dawo ya buɗe ƙofa, sai ji na yi kamar daga nesa, "Kawu! Kawu, tashi!" Kaina kamar zai tsage, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, ga amai. A asibiti aka ce iskar gawayi ce, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Mai barci ba ya jin shigarta.

Da na koma gida uwargida ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Alhaji, nawa ne kuɗin hujin nan?" Na faɗa mata. Ta ce, "To ashe ran uban 'ya'yana bai kai haka ba."

Washegari na koma Suame. Yanzu akwai mafita a sama, da taga mai raga a gefe, da ƙaramar ƙararrawa mai gano wannan iska. Girki kuwa, ko na gas ko na gawayi, a waje. Janareta ma nesa da taga.

Mai niyyar irin wannan aiki, ya fara da iska kafin gado. Ya kuma je ofishin rajistar motoci da wurin masu inshora ya sanar da su sauyin da ya yi. Allah ya kai mu gida lafiya. Sai mako mai zuwa.