Daga Gadon Asibiti Zuwa Sirdin Keke

Duk wanda ke tsayawa bakin ƙofar makaranta da safe a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya san matsayin keke a wurinmu. Shi ke kawo ɗan ƙauye aji kafin a buga ƙararrawa, shi ke kai niƙa, shi ke ɗauko jarkar ruwa. Kusan kowannenmu yana da tabon da keke ya bar masa a gwiwa. Don haka a wannan mako za mu duba labarin wani da keke ya ɗaukaka, ya kuma kusa zama ajalinsa.

Sunansa Egan Bernal, ɗan ƙasar Kolombiya a Kudancin Amurka. A shekarar 2019, yana ɗan shekara 22, ya lashe Tour de France, gasar tseren keke mafi girma a duniya, wadda ake yi a Faransa. Mako uku ake yi ana tseren, ana cin fiye da kilomita 3,000, kuma tafiyar yini guda takan fi zuwa Gusau daga Ƙaura da dawowa. Shi ne mutum na farko daga yankinsu da ya ci wannan gasa. A 2021 ya ƙara da ta Italiya, wato Giro d'Italia.

To, amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ranar 24 ga Janairu, 2022, yana atisaye a kan titi a ƙasarsu, yana gudun kusan kilomita 60 cikin sa'a, sai ya afka wa bayan wata bas da ta tsaya. Ya karye a ƙashin baya da cinya da ƙoƙon gwiwa da haƙarƙari, huhunsa ma ya samu rauni. An yi masa tiyata fiye da sau ɗaya. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa saura ƙiris ya rasa tafiya har abada.

Abin da muke so ku lura da shi shi ne yadda ya dawo. Sai da ya sake koyon tsayuwa da taku da sanda, ya jure gashin ƙashi, ya hau keken motsa jiki na cikin ɗaki, sannan ya fita titi. A watan Agusta na 2022 ya shiga tsere a Danmak, bai kuma ci komai ba. A 2023 ya koma Tour de France, gasar da ya taɓa zama zakaranta, ya ƙare a na 36. Ku ƙaddara ɗalibin da ya saba ɗaukar na ɗaya ne ya ga sunansa can ƙasan takardar sakamako, ya kuma dawo aji washegari. A Fabrairun 2025 ya zama zakaran ƙasarsu, amma cikin watan nan ya sake faɗuwa a Sifen ya karye a kafaɗa. Ya warke, ya koma, kuma a Satumba na shekarar ya ci tseren yini guda a babbar gasar Sifen, Vuelta a España. Ku lissafa: fiye da shekara uku da rabi ke nan bayan haɗarin.

Darasi na farko na jiki ne. Ƙashi yana da lokacinsa, ba ya jin gaggawa. Karayar hannu takan ɗauki wajen mako shida kafin ta haɗe, ta cinya kuwa watanni. Idan ɗayanmu ya faɗi ya karye, kada a ja hannun ko ƙafar, a tallafe ta yadda ba za ta motsa ba, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Mun san mutanenmu da yawa wajen masu ɗori suke fara zuwa, kuma sana'a ce mai tarihi a ƙasar Hausa. Sai dai idan ɗauri ya matse har yatsu suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, ko kuma akwai rauni a buɗe a wurin karayar, a garzaya asibiti a ranar, domin jinkiri kan jawo a yanke gaɓa. Wanda ya bugu a baya ko a wuya kuwa, kada a cicciɓe shi a ɗora kan babur. Kuma kafin a hau keke, a gwada birki, a riƙa kallon gaba.

Darasi na biyu na karatu ne. A yankinmu ba keke kaɗai ke kayar da ɗalibi ba. Muna tuna yadda aka rufe makarantun Jihar Zamfara a Satumbar 2021 saboda rashin tsaro, kuma akwai waɗanda iyayensu suka baro ƙauye suka yi zango biyu ko uku ba su shiga aji ba. Akwai wadda jinya ta kwantar, akwai wanda lissafi ya kayar a WAEC ko NECO. Abin da ya fi hana irin waɗannan dawowa shi ne kunyar zama aji ɗaya da ƙannensu. Muna ce musu: ku koma, ko da aji ɗaya za a mayar da ku baya. Ku samu malami ya nuna muku inda aka bar ku, ku fara da shafi biyu a yini. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma da kuke aji, ku ara wa wanda ya dawo littafinku ya kwafa, ku daina yi masa dariya in ya kasa amsa tambaya. Bernal ma da likitoci da iyali da abokan tsere ya tashi.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya tuno ɗan ajinsu ɗaya da ya daina zuwa makaranta, ya je ya gaishe shi, ya ji abin da ya tsare shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mako mai zuwa.