Gajiyar aiki a tsakanin likitoci a Batsari da Safana

Gajiyar aiki wani hali ne da ma'aikaci kan shiga idan matsin aiki ya daɗe a kansa ba tare da an magance shi ba. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da ke da nasaba da wurin aiki, ba cuta ba. Ta ambaci alamomi uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ingancin aikinsa. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke yammacin Jihar Katsina, matsalar ta haɗu da rashin tsaro da ƙarancin ma'aikata.

Yanayin yankin

Batsari da Safana suna makwabtaka da dajin Rugu da Jihar Zamfara, kuma suna cikin ƙananan hukumomi takwas da hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa a jihar. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutane kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan biyun. A lokacin, likita ba ya iya tuntuɓar babban asibiti kafin ya tura maras lafiya, ba ya kuma iya jin muryar iyalinsa.

Waɗanda abin ya fi shafa

Likitan da ya kai tsakiyar shekarun aikinsa ya wuce matakin koyo, amma da sauran lokaci kafin ya yi ritaya. Galibi shi ake ba ragamar asibitin karkara, don haka duba marasa lafiya, tiyatar haihuwa, kula da ƙananan ma'aikata da aikin ofis duk suna kansa. A gida kuma, a wannan shekarun ne 'ya'ya ke makaranta, iyaye sun tsufa, dangi na sa ran taimako. Wanda ya ajiye iyalinsa a birnin Katsina ko Dutsin-Ma saboda tsaro, zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya riƙa bin hanya mai haɗari, ko ya yi kwanaki bai ga gidansa ba.

Dalilai

Babban dalili shi ne ƙarancin likitoci. A shekarar 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 55,000 ne ke aiki a Najeriya, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Duk likitan da ya tafi, aikin kwanansa kan wanda ya rage yake komawa. Aiki na ƙaruwa da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke yawaita a tsakanin yara. Akwai kuma fargabar garkuwa: a watan Agustan 2024 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta yi yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai saboda sace wata likita a Kaduna.

Tasiri

Likitan da bai samu barci ba ya fi saurin yin kuskure, kuma yakan nemi a mayar da shi birni ko ya ajiye aikin. Idan ƙwararre ya tafi, mai naƙudar da ta jigata sai an kai ta Katsina, kuma jinkirin hanya na iya cin ranta da na jaririn.

Matakai da muhawara

A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. A watan Agustan 2024 kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Kafin nan, a 2023, an gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai na tilasta wa sababbin likitoci yin aikin shekara biyar a gida kafin su samu cikakken lasisi, ƙungiyoyin likitoci kuwa suka yi watsi da shi. Ƙudirin bai taɓo likitocin da suka daɗe a aiki ba, waɗanda lasisinsu ke hannu. Abin da zai riƙe su a karkara shi ne gida mai tsaro kusa da asibiti, abokin aikin da za su riƙa karɓa-karɓa da shi, da hutun da ba a katsewa.