Guntun Gatarinka: Rayuwar Mai Zanen Labari Mai Cin Gashin Kansa

A wannan fitowa ina so mu ɗan ajiye nahawu da ƙirar kalma a gefe, mu leƙa wata sana'a wadda yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wato sana'ar masu ba da labari cikin zane, abin da Turawa ke kira komik. Ba waɗanda manyan kamfanoni suka ɗauka aiki nake nufi ba. Ina magana ne a kan wanda ya ce shi zai ƙirƙiri labarinsa, ya zana, ya buga, ya sayar da kansa. Ra'ayina shi ne wannan mutum ya zaɓi hanyar da ta fi, duk da wahalar da ke cikinta, kuma wahalar ba ƙarama ba ce.

Kafin a gane abin da ya sa mutum zai zaɓi wannan wahala, sai an san abin da yake gudu. A shekarar 1938 wasu samari biyu a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar wa kamfani labarin wani jarumi da suka ƙirƙira mai suna Superman a kan dala 130. Ba shafukan kaɗai suka sayar ba, har da haƙƙin mallakar jarumin baki ɗaya. Kamfanin ya kwashi miliyoyi, su kuwa da suka kai ƙara kotu a 1947 sai suka rasa aikinsu, aka ma cire sunayensu daga littafin. Shuster, wanda shi ne mai zanen, idonsa ya yi rauni ƙwarai, har ya koma aikin kai saƙo. Sai a 1975, bayan surutu ya yi yawa a jaridu, aka amince a riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, aka kuma mayar da sunayensu. Wannan shi ne tsarin da aka saba da shi a manyan kamfanonin Amurka irin su Marvel da DC: ana biyanka kuɗin shafi, abin da ka ƙirƙira kuma ya zama na kamfani.

To amma a kamfani akwai sauƙi ɗaya, aiki a rarrabe yake. Wani ya rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya sa launi, wani kuma aikinsa kawai rubuta maganganu cikin 'yan kumburin nan da ke saman kawunan mutane. Ga edita, ga masu talla, ga akawu. Mai cin gashin kansa kuwa duk shi ne waɗannan. Littafi ɗaya yakan kai shafi 20 zuwa 24, kuma ƙwararre ma da ƙyar yake wuce shafi ɗaya a wuni. Ka lissafa da kanka, ya mai karatu. Idan wata ɗaya cur ya tafi a kan teburin zane, yaushe zai je maɗaba'a? Yaushe zai amsa wasiƙu, ya ɗaure kwalaye, ya bi bashi?

Misalin da na fi so a nan shi ne Jeff Smith, mutumin jihar Ohio ta Amurka, wanda aka haifa a 1960. Abin da ya fara ja hankalina game da shi shi ne a jaridar ɗalibai ya fara. Yana Jami'ar Jihar Ohio yana zana wani ɗan labari mai suna Thorn a jaridar makarantar, The Lantern. Bayan haka ya yi aikin katun na talla a wani ƙaramin kamfani da suka kafa da abokansa, sannan a 1991 ya kafa nasa kamfanin ɗab'i, Cartoon Books, ya fitar da kashi na farko na Bone. Labarin wasu 'yan uwa uku ne da aka kora daga garinsu suka faɗa wani kwari mai cike da dodanni. Baƙi da fari ya buga shi, domin launi tsada gare shi. Ya yi shekara 13 yana wannan aiki, kashi 55, har ya kammala a 2004. Da aka haɗa labarin a littafi guda ya haura shafi 1,300.

Zanen Smith yana da kyau, babu musu, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dole mu dubi yadda kasuwar take a wancan lokaci. A Amurka ana sayar da irin waɗannan littattafai ne a shaguna na musamman. Mai shago yana duba kundin dillali, ya yi odar abin da yake so wata biyu kafin littafin ya fito, kuma abin da ya saya ba ya mayarwa. Saboda haka mai shago yana tsoron sabon suna, gara ya zuba kuɗinsa a kan Batman da ya san zai tafi. Dillali kuma yana karɓar littafin ne da rangwamen kusan kashi 60 cikin 100 na farashin da ke bango. A ƙaddara littafin dala uku ne, abin da zai zo hannun mai zane bai fi dala ɗaya da 'yan canji ba, kuma a ciki zai biya maɗaba'a da kuɗin jigila. Idan kwafi dubu biyu aka yi oda, me ya rage masa na abinci da kuɗin haya? Daɗin daɗawa, daga wajen 1997 dillali ɗaya ne ya rage a fagen, wato kamfanin Diamond. In bai sa ka a kundinsa ba, shi ke nan, babu kai a shaguna.

Smith ya tsira ne da abubuwa biyu. Na farko, bai bari tsofaffin kashi su ɓace ba. Yana tattara su ya buga a matsayin littafi mai kauri, ya sake bugawa idan sun ƙare, ta yadda wanda ya ji labarin Bone a shekara ta biyar zai iya farawa daga farko. Na biyu, matarsa Vijaya Iyer ta bar aikinta na kamfanin kwamfuta ta karɓi ragamar kasuwancin. Ita ce ke magana da dillalai da maɗaba'a da masu fassara na ƙasashen waje, shi kuma ya samu sararin zama ya yi zane. Ina ganin duk wanda zai ba da tarihin Bone ya manta da wannan baiwar Allah bai yi adalci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko Dave Sim na Kanada, wanda ake yi wa kallon uban masu buga nasu da kansu, da ya yi kashi 300 na Cerebus daga 1977 zuwa 2004, shafi wajen 6,000, ba shi kaɗai ya yi ba. Tun daga 1984 wani mai zane da ake kira Gerhard ne ke zana masa gine-gine da duk abin da ke bayan mutane, kuma a shekarun farko matarsa ta lokacin, Deni Loubert, ita ce ke riƙe da harkar ɗab'in. Kalmar "mai cin gashin kansa" tana ɓoye mutane da yawa.

Yanzu ga inda ribar take. A 2005 kamfanin Scholastic, mai kai littattafai makarantun Amurka, ya fara sake buga Bone da launi, littafin ya shiga ɗakunan karatu, ya sayu miliyoyi. Da a ce tun 1991 Smith ya sayar da haƙƙinsa, da wani ne zai ci wannan moriya. Haka kuma masu fim sun yi ta zuwa. Nickelodeon ta zo a ƙarshen shekarun 1990 ba a daidaita ba, Warner ta zo a 2008 abin ya shiririce, Netflix ta sanar da nata a 2019 sannan ta fasa a 2022. Har yau ba a yi fim ɗin ba, wannan kam abin takaici ne. Amma duk lokacin da magana ta lalace labarin yana komawa hannun mai shi. Siegel da Shuster ba su taɓa samun damar cewa a'a ba. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san wani zai ce na zaɓo wanda ya ci nasara na kafa hujja da shi. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba. A 1984 Kevin Eastman da Peter Laird sun buga kwafi wajen 3,000 na labarin kunkurun nan masu faɗa, da kuɗin harajin da aka mayar wa ɗayansu da kuma rance daga kawunsa, abin ya zama dukiya mai ɗimbin yawa. Nan da nan mutane suka ruɗu, kowa ya fito da nasa littafin baƙi da fari, shaguna suka cika, kafin ƙarshen 1987 kasuwar ta rushe da su. Yawancin waɗannan mutane babu mai tuna sunansu yau. Sannan ga jiki. Mai zane ba shi da fansho, ba shi da hutun rashin lafiya. Ranar da hannu ya ƙi, kuɗi ya tsaya. Dave Sim kansa ciwon wuyan hannu ya hana shi zane a 2015. Jeff Smith ya gamu da bugun zuciya a 2023, dole ya soke rangadin tallar littafinsa. Shi ma dillalin da kowa ya dogara da shi, Diamond, ya shigar da takardar karyewar arziki a watan Janairun 2025, ƙananan masu ɗab'i suka shiga fargaba a kan littattafansu da ke jibge a rumbunansa.

Duk da haka ban sauya ra'ayi ba, domin aikin kamfani bai kare kowa daga waɗannan masifu ba. Yawancin masu yi wa Marvel da DC zane ba ma'aikatan dindindin ba ne, 'yan kwangila ne, su ma ba su da fansho. Shi ya sa a shekarar 2000 aka kafa wata ƙungiyar agaji, wadda yanzu ake kira Hero Initiative, don taimaka wa tsofaffin masu zane da kuɗin asibiti da na haya. Mutanen da suka zana jaruman da duniya ta sani ne ke neman wannan agaji. Ke nan duka biyun suna cikin haɗari, bambancin kawai shi ne ɗaya idan ya tsufa yana da abin da zai sake bugawa ko ya bar wa magada, ɗayan kuwa ba shi da ko shafi. Ai shi ya sa a 1992 manyan masu zanen Marvel su bakwai suka fice suka kafa Image, kamfanin da ƙa'idarsa ita ce mai ƙirƙira shi ke da abinsa.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Wale Adenuga ya fara fitar da mujallar barkwanci ta Ikebe Super a 1976 bayan ya gama Jami'ar Legas. Da kasuwar mujallu ta yi sanyi, sai ya kwashi Papa Ajasco da sauran mutanensa ya kai su talabijin a shekarun 1990, kuma ya iya yin haka ne saboda nasa ne. Roye Okupe ya fara da buga nasa da kansa a 2015, a 2021 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dark Horse na Amurka, a 2025 kuma labarinsa Iyanu ya zama katun a talabijin. Intanet ta rage wa na yanzu wani nauyi, tunda ta dandali irin Kickstarter mai karatu kan biya kuɗi tun kafin a buga. Sai dai ta ƙara wani: yanzu bayan zane da ɗaure kwali, sai ka zama mai tallar kanka dare da rana a waya.

Mu da muke nazarin Hausa bai kamata wannan rayuwa ta zama baƙuwa gare mu ba. Marubutan adabin kasuwar Kano tun daga shekarun 1980 haka suka yi: su rubuta, su kai maɗaba'a da kuɗinsu, su raba littafin kashi-kashi, su kai wa dillalai a kasuwa, su yi ta sintirin karɓar kuɗi. Da sun jira manyan kamfanonin ɗab'i, da yawancin littattafan da ake koyar da mu a kwas ɗin ƙagaggun labarai ba su wanzu ba. Abin da ban gani da yawa ba shi ne irin wannan himma a fagen labarin zane da Hausa, kuma ni da na koyi harshen da girmana na san amfanin da zai yi. Hoto yana gaya maka ma'anar kalma ba tare da ƙamus ba. Harshen kuma yana da kayan aikin a shirye: tim, fau, tsulum, ƙararrab, wuf. Waɗannan amsa-kama da muke haddacewa don jarrabawa su ne ainihin abin da mai zane ke rubutawa da manyan baƙaƙe a tsakiyar shafi. Matsalar da zai fara cin karo da ita ƙarama ce amma mai ban haushi: yawancin salon baƙaƙen kwamfuta da aka tsara don wannan aiki ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai dai ya rubuta da hannu ko ya ƙera nasa.

Akwai masu hannun zane a cikinmu, ana ganin aikinsu a bangon wannan mujalla da allunan sanarwa, kuma yawanci "na gode" kawai ake sallamarsu da ita. Wata rana wani zai zo da 'yan kuɗi ya ce a zana masa jarumi don talla ko don littafin yara. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, zanen da ka ƙirƙira yana da kariya tsawon rayuwarka da shekara 70 bayan mutuwarka, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani sai a rubuce. Don haka idan aka miƙo maka takarda, duba ka gani ko izinin amfani da zanen na wani lokaci ake nema, ko kuwa mallakarsa gaba ɗaya. Idan na biyun ne, farashinsa daban ne, kuma kana da ikon cewa a ba ka kwana biyu ka kai wa wani ɗalibin sashen shari'a ya karanta maka.