Raddi ga masu cewa gidan yari ne maganin mai taɓin hankali

A majalisun Hayin Banki a Kaduna, duk ranar da aka kama mai taɓin hankali ya wawuri burodi a teburin mai shayi, ko ya fasa gilashin a-daidaita-sahu a hanyar Kawo, sai ka ji ana cewa alƙalin da ya tura irinsa asibiti ya yi wa doka riƙon sakainar kashi. Ban yarda ba, ga dalilaina.

Sun ce laifi laifi ne, ko wa ya aikata. Wace shari'a ce ta faɗi haka? Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na hukunci. Ba a tsayar wa mahaukaci haddi, amma abin da ya ɓarnatar ana biya daga dukiyarsa, don haka haƙƙin mai shayi bai faɗi ba. Kundin Penal Code da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, a sashe na 51, shi ma ya ɗauke laifi daga wanda ciwon ya hana shi sanin abin da yake yi.

Sun ce kowane ɓarawo zai fake da hauka. Ai ba da ido alƙali yake yankewa ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ba kotu ikon tura wanda ake tuhuma likita ya duba shi ya kawo rahoto, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ƙetaren kogi kawai. Sannan wane mai hankali ne zai sayi sunan mahaukaci, sunan da kan hana ƙannensa mata aure, don gudun ƙaramar tara?

Sun ce tsarewa ce ke kare jama'a. Nan ne abin ya fi ci mini rai. Irin wannan bawan Allah ba shi da mai tsaya masa beli. Sai ya yi watanni yana jiran shari'a, maganinsa ya yanke, ya fito ya fi da rikicewa, ya dawo bakin teburin nan. Wa aka kare? Masu cewa a kai shi gidan mari kuwa su tuna Rigasa, Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Tsoro ɗaya na yarda da shi: kada umarnin magani ya zama ɗauri marar wa'adi, kamar yadda aka gani ƙarƙashin dokar mahaukata ta 1958, wadda sabuwar dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbinta. Amma akwai mafita. Gundumar Broward ta Amurka ta buɗe kotu ta musamman don ƙananan laifukan irin waɗannan marasa lafiya tun 1997. Mu a Kaduna, majistare ya rubuta wa'adi, ya sa ranar da likita zai dawo da rahoto, ya kira dangi su sa hannu a kan wanda zai riƙa karɓo magani.