Katafila ta fi harsashi haƙuri: daga Studio Gad zuwa filayen kiɗa na Gadarif

Tun da sojoji suka sake karɓe fadar shugaban ƙasa da filin jirgin saman Khartum a watan Maris na 2025, magana ɗaya ce a bakin hukuma da 'yan kasuwa da masu sharhi: sake gina ƙasa. Ana lissafa gadar Shambat da ta karye a Nuwamban 2023, da matatar mai ta Jaili da ta ƙone, da asibitoci, da tashoshin wuta da na ruwa. Duk daidai ne, mai jin ƙishirwa ai ba kiɗa yake nema ba. Amma akwai wasu wurare da ba kasafai nake jin sunansu a cikin lissafin ba, wato inda aka yi waƙa da wasan kwaikwayo, da ɗakunan da aka ajiye muryoyin waɗanda suka yi su. A Sudan irin waɗannan wurare sun fi mutuwa a lokacin zaman lafiya, sannu a hankali, da takarda da hatimi. Shi ya sa nake ganin haɗarinsu yanzu ya fara.

Ga misali ɗaya da yaran yanzu ba su sani ba. Jadallah Jubara yana cikin iyayen fim na Sudan, kai har na Afirka baki ɗaya. Shi ya yi fim ɗin Tajuj, labarin soyayyar nan na gabashin ƙasar nan da kowa ya sani. A shekarun 1970 ya gina wa kansa ɗakin shirya fim a Khartum mai suna Studio Gad, irinsa na farko da ba na gwamnati ba a ƙasar. A ciki ya tara hotunan Khartum ta dā, da bukukuwa, da mawaƙa, da shugabanni. Sai rigimar mallakar fili ta taso. Aka yi shekara takwas ana kai-kawo a kotu, a 2008 hukuma ta turo katafila ta baje ginin. A lokacin dattijon ya makance, shekarunsa sun kusa casa'in, kuma a wannan shekarar ya rasu. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Abin da ya tsira daga aikinsa ya tsira ne saboda 'yarsa Sara ta tsaya kai da fata, daga baya wata cibiyar fim ta birnin Balin a Jamus ta taimaka aka mayar da faya-fayan cikin kwamfuta.

Gidajen sinima ma haka aka yi da su, sai dai su a hankali aka shaƙe su. Manyanmu sun san yadda suke: katanga mai tsawo, babu rufi, benci a gaba na masu ƙaramin kuɗi, kujeru a baya. Ba fim kaɗai ake nunawa ba. In babban mawaƙi ya zo gari da 'yan amshinsa da masu goge, sau da yawa nan ake kai shi, domin babu wani wuri mai ƙofa ɗaya da za a iya yankar tikiti. Bayan juyin mulkin 1989 sai dokar hana fita da dare ta kashe kasuwar, aka rushe hukumar sinima ta gwamnati, sannan dokar nan ta Nizamul Am ta zo ta sa ido a kan kowane biki. Muhammad Wardi ya bar ƙasar ya yi shekaru a waje. A Nuwamban 1994 wani ya shiga kulob ɗin mawaƙa a Umdurman ya daɓa wa Khojali Usman wuƙa ya kashe shi, ya kuma ji wa Abdulƙadir Salim rauni. To wa zai zuba kuɗinsa a gidan kallo a irin wannan yanayi? A 2019 Suhaib Gasmelbari ya fitar da fim a kan wasu dattijai huɗu masu shirya fim da suka yi ta fafutukar sake buɗe sinimar Saura ta Umdurman, ko da na dare ɗaya. Sun share, sun wanke allo, sun yi ta zarya ofis-ofis, izini bai fito ba. Fim ɗin ya ci kyauta a Balin, sinimar kuwa tana nan a rufe. Gini in ya shekara ashirin a rufe, ranar da aka ce ya zama kango a sayar da filin, babu mai tsayawa ya yi gardama.

Yanzu mu dubi bakin kogi a Umdurman, inda gidan rediyo da talabijin da Masrahul Ƙaumi suke maƙwabtaka da juna. An buɗe masrahin a 1959 zamanin Janar Abbud. A kan dandamalinsa Ummu Kulsum ta yi waƙa a Disamban 1968, ziyarar da ta sa daga baya ta rera baitocin mawaƙin Sudan Alhadi Adam. Dakarun Da'amu Sari sun mamaye wannan yanki tun farkon yaƙi a Afrilun 2023, sojoji ba su ƙwato shi ba sai Maris na 2024. Kusan shekara guda ke nan wurin yana fagen daga. Kowa ya ji yadda aka wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum, duniya ta yi ta magana, domin gumakan Kush suna da masu kuka a kansu a jami'o'in Turai. Faifan rediyo ba shi da irin wannan gata. Zafi da ƙura kawai sun ishe shi, balle wuta. Ga shi kuma filin bakin Nilu ne, irin wanda idon mai kuɗi ba ya wucewa.

Wani zai ce, mu Hausawan Gadarif ina ruwanmu da masrahin Umdurman, mu da ke fama da tsadar dawa da kuɗin haya? Ruwanmu ya kai har wuya. An buɗe rediyon Umdurman a 1940. Mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a cikinsa, a farkon shekarun 1940, ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da A'isha Falatiya. A Kasala aka haife ta, iyayenta mutanen yamma ne irin namu da hanyar hajji ta kawo. Mahaifinta malamin allo ne, kuma bai so wannan sana'a ba ko kaɗan. Ta je Alƙahira aka ɗauki waƙoƙinta a faifai, ta yi wa sojojin Sudan waƙa a lokacin yaƙin duniya na biyu, 'yar'uwarta Jiddawiya tana kaɗa mata udu. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa. Ta rasu a 1974. Kuma waƙar da ta ɗauki sunan garin nan ta kai shi kowane lungu na ƙasar, Simsimul Gadarif, da muryarta aka san ta. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Riɗin da hannuwan iyayenmu suka yanka, muryar 'yarmu ce ta yi masa kirari, har ya zama abin alfaharin Sudan duka.

Me ya sa nake nanata wannan? Saboda mun san tambayar da ake jefa mana duk lokacin da abubuwa suka yi zafi. A Oktoban 2008 jaridar Al-Ayyam ta buga wata magana da ta jingina wa Umar al-Bashir cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. Ya musanta, amma kafin nan mutane sun fito a Gadarif da Kasala, kuma an rasa rayuka. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ a kan maganar ba Hausawa sarautar gargajiya, wadda a tsarin ƙasar nan ba ta rabuwa da maganar mallakar ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare ɗaruruwan mutane sun mutu, dubbai sun bar gidajensu. A duk waɗannan lokuta abin da ake cewa ɗaya ne: yaushe kuka zo, me kuka gina? Muna da amsa. Akwai garin Mai Wurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai gumin da aka zuba a madatsar Sinnar da gonakin Jazira tun 1925, da noman inji da aka fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940. Amma gumi ba ya barin takarda. Faifai yana bari, hoto yana bari, fili mai suna yana bari. Babbar ƙabila in ta rasa gini guda tana da wasu goma da za ta nuna. Mu in muka rasa ɗaya, wani lokaci shi ke nan.

Sai dai fa kada mu ɗora wa hukuma laifin duka. Mu ma muna da namu. Bahaushe yana son kiɗa a ranar biki, amma ba ya son a ce ɗansa makaɗi ne, kuma ba ya ganin wurin kiɗa a matsayin abin da za a adana. Wannan hali da shi muka taho daga gida. A Kano an buɗe sinimar Rex a 1937. A ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka mutu, kuma da yawa a gari suka ɗauke ta a matsayin hukuncin Allah a kan masu zuwa kallo. Sinimar Palace da aka buɗe a cikin birni daga baya ta zama asibiti, wasu kuma suka zama shaguna. A 2016 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ce za ta gina ƙauyen shirya fim a Kofa da ke jihar Kano, malamai suka yi ca, aka janye. Ni ba zan shiga hurumin malamai ba, kuma ban ce kowa ya sauya fahimtarsa a kan kiɗa ba. Asibitin haihuwa ya fi sinima amfani, wannan ko makaho ya gani. Abin da nake cewa shi ne, rubuta abin da ya faru daban, halatta shi daban. Malaman tarihinmu na Musulunci sun rubuta labarin mawaƙan Bagadaza da na Andalus, ba su ce a koma a yi irin rayuwarsu ba. Mahaifin A'isha ya yi abin da yake gani daidai ne a matsayinsa na uba. Mu kuma yau sunan 'yarsa muke ɗagawa in an ce mana baƙi.

A nan Gadarif matsalar ta fi ta Umdurman sauƙin ɓacewa, don namu wuraren yawanci ba gini ba ne. Fili ne kawai a tsakiyar unguwa. A unguwar da na tashi akwai irinsa. Da kaka, in an gama yankan riɗi kuɗi sun shigo hannu, nan ake kokawa da dambe da la'asar, da dare masu kalangu su karɓa, 'yan mata su yi gaɗa a gefe. Nan ake saukar da makaɗan da suka zo daga wasu garuruwa, nan ake taron suna in gida ya yi kaɗan, nan kuma ake sallar gawa in mamacin mai jama'a ne. Wata shekara aka zo da ma'auni da turaku, aka ce tsari ne. Yau shaguna ne a jere da wurin wankin mota. Babu wanda ya yi ƙara, don babu wanda ke da takardar da ta ce filin na jama'a ne, a taswirar hukuma wuri ne da babu kowa. Ka tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyar me ake yi a nan dā, zai ce maka ai kullum shaguna ne.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tun faɗuwar Madani a Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta cika ta batse da waɗanda yaƙi ya koro. Makarantu sun zama masauki, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. An ƙwato Madani a Janairun 2025, wasu sun koma, amma da yawa sun kafa sana'a a nan, kuma darajar fili ba ta sauka ba. Ƙananan hukumomi ba su da kuɗin shiga, hanya mafi sauƙi a wurinsu ita ce yanka fili a sayar. Wane fili za a fara yankawa? Wanda ba shi da takarda, a unguwar da ba ta da mai magana a majalisa. Ba sai na faɗi unguwannin su wa ke nan ba.

Don haka ni a ganina aikin da ke gabanmu bai kai girman gina masrahi ba, kuma ba ya jiran Khartum. Kwamitocin unguwa da dattawanmu su je ofishin filaye su nemi a rubuta sauran filayen da suka rage a matsayin maidan na jama'a, da suna, da iyaka, tun kafin mai ma'auni ya riga su. In an ƙi, a ajiye kwafin takardar neman, ita ma shaida ce. 'Yan kasuwarmu na kasuwar amfanin gona da ke ba da gudummawar gina masallatai, Allah ya saka musu, su san cewa kuɗin lauya ɗaya da zai bi wannan magana bai kai kuɗin buhunan riɗi kaɗan ba. Matasanmu kuma da ke yini a Facebook da TikTok, wayar da ke hannunku ta fi kyamarar da Jadallah Jubara ya fara aiki da ita. Shirin nan na Sudan Memory ya yi shekaru kafin yaƙi yana ɗaukar hotunan tsofaffin takardu da faya-fayai yana sa su a intanet, kuma abin da aka ɗauka kafin Afrilun 2023 shi ne wuta ba ta iya ci ba. Ba mu buƙatar izinin kowa mu yi namu.

Amma a yi shi da tsari, ba bidiyon minti ɗaya da kiɗan baya ba. A zaunar da tsohon makaɗi ko tsohuwar zabiya, a tambaye su sunan wanda ya koya musu, da garin da ya fito, da filin da suka fi yin wasa, da abin da ke wurin yanzu. A faɗi rana da shekara a farkon ɗauka. A nemi yardarsu, musamman mata, wadda ba ta son fuskarta ta fito a ɗauki murya kawai. A ajiye a wuri fiye da ɗaya, a tura wa ɗan'uwa a Kasala ko Kano ko Jidda. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan yankan riɗi, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da bukukuwa ke yawa kuma tsofaffin da suka ajiye kalangu suke yarda su ɗauko shi don auren jika.